Yinin Rumasa'u a Bakin Bahar Maliya

Duk shekara in zafin Makka ya kai inda mutum ba ya iya taka ƙasa, sai jikokina su ɗaure kaya a mota su zo su tsaya mini a ka. "Yalla ya Sitti, tashi Kaka, mu je bahar mu sha iska." Shan iska wai! Nakan ce su sauka lafiya, su gaishe mini da kifaye. Sau ɗaya na je bakin ruwan nan da sunan yini, tun ana zuwa Jidda a bayan lori, kuma wannan ɗin ya ishe ni. Ba ma don kaina na je ba, rakiya na yi wa Rumasa'u.

Rumasa'u maƙwabciyata ce. A lokacin, 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu, muna zaune a bayan Jarwal, wajen da daga baya aka ja titin Mansur. Ɗakunanmu na gwangwanin kananzir ne da aka farke aka daddake aka kafa a jikin itace. Da azahar in ka kuskura ka jingina da bango sai ka tashi da tabo. Ni, Sa'adatu, bazawara ce a lokacin, ina tallar gyaɗa a bakin hanyar Harami. Ita kuwa a shekaru ta isa ta haife ni, don haka Inna nake ce mata. Wankau take yi. Lokacin aikin hajji ta wanke haramin alhazai har hannunta ya yi fari ya tsattsage, sauran shekara kuma ta yi daka da tankaɗe a gidajen Larabawa. Gajeruwa ce, ga faɗa, ga tsafta kamar ta kashe kanta. In ta ga ƙuda a bakin tulunki, ranar sai unguwa ta ji.

Daga ƙasar Zamfara suka taso da ƙafa, ita da mijinta da 'ya'yansu biyu da ƙanin mijin, wani saurayi da ake kira Tsoho. Shekaru suka yi a hanya, su yi noma a wannan gari, su yi dako a wancan. 'Yar ta rasu a Wadai. Ɗan ya bi ta a Darfur. Mijin ya kai har gonakin auduga na Sudan, nan zazzaɓi ya kwantar da shi. Kowannensu an tona masa rami a gefen hanya an rufe, ayari ya wuce, ko sunan wurin ba ta riƙe ba. Ita da Tsoho kaɗai suka ƙetare ruwa. Ranar da ta fara ganin Ka'aba ta yi wa Allah roƙo guda, ba ta kuma sake shi ba har ta tsufa: ta mutu a cikin Makka, a yi mata salla a Harami, a kai ta maƙabartar Ma'ala. Ba ta roƙi miji ba, ba ta roƙi komawa gida ba.

To, ita ba ta tsaya ga roƙo kawai ba, gadin abin ta shiga yi. A kan kowace hanyar fita Makka akwai duwatsun da aka gina masu nuna iyakar ƙasar Harami. Tun da Rumasa'u ta sauke faralinta, ba ta sake tsallake su ba. Arfa a wajen iyaka take, saboda haka duk shekara mu tafi can da tukwanenmu mu yi ciniki, ita ta zauna ta tsare mana ɗakuna. Ko Tan'im, nan kusa, inda ake ɗauko haramar umara, ba ta zuwa. Ina yawan tsokanarta.

"Inna, wai Mala'ikan Mutuwa a gindin dutsen ya shimfiɗa buzu yana jiranki?"

"Yi dariyarki, 'yar nan," in ji ta. "Ba ki taɓa waiwayawa kin ga ƙurar ayari ta rufe kabarin ɗanki ba."

Daga nan nakan koma kan gyaɗata.

Abin ya faro ne daga ƙurji. Wani ɗan ƙurji ya fito mata a ƙwauri, ruwan wanki ya yi ta jiƙa shi, zafi ya shigo, ya buɗe ya zama gyambo. Babu abin da ba a sa ba: zuma, toka, garin lalle, Zamzam safe da yamma, har wanzami ya zo ya yi nasa. Sai ƙara faɗi yake yana tsiyaya. Wata rana tana ɗawafi ta waiwaya ta ga ɗigon ruwan ciwon a kan dutsen da mutane ke sa goshi. Ba wanda ya ce mata kanzil. Ita da kanta ta durƙusa ta goge da bakin mayafinta, ta fito, ba ta sake shiga ba. Matar da ba ta taɓa barin asuba ta wuce ta a ɗaki ba, sai ga ta zaune a kan tabarma, ana kiran salla tana hawaye. Ta bangon gwangwanin nan nake jin shessheƙarta, kuma wallahi abincina ba ya wucewa.

Sai Tsoho ya zo da magani a baki.

Tsoho ɗan ga-ruwa ne. Gwangwani biyu a bakin sanda, daga bazan, wato inda ake ɗiban ruwan gari, zuwa saman benayen Larabawa, tun yana saurayi har ya yi furfura. Kafaɗarsa ta yi kanta, ba ta jin komai. In dai maganar ruwa ce, ba ka isa ka ja da shi ba. Ya ɗanɗana ya gaya maka daga wace rijiya aka ɗebo, kuma sau da yawa yakan dace, shi ya sa aka sakar masa fagen har kansa ya kumbura. Amma kada in zalunce shi: yana son matar yayansa. Bai da kowa daga gida sai ita, kuma kullum gwangwanin farko nata ne kafin ya kai na kowa.

Wai wani abokin aikinsa sanda ta ci masa kafaɗa ta ruɓe, ya je ya yini a bahar, ya dawo ciwo ya bushe. Rumasa'u ta ce to a ɗebo mata a gwangwani. Aka roƙi Hashimu, wani direban lori haifaffen Makka da ke ɗauko buhunan gari daga tashar jirgin ruwa, ya kawo. Ruwan ya iso da ɗumi yana warin kananzir, aka yi ta wanke ƙafa, shiru. Tsoho ya ce ai dama, ruwan da aka tsare a gwangwani ya mutu, sai an je masa da rai, a tsoma ƙafar, a turbuɗe ta a jiƙaƙƙen yashi.

Na ce, "Haba Tsoho, a wannan zafin? Ka bari sanyi ya shigo mana."

"Kafin sanyi ƙafar ta kai ƙashi," in ji shi. A nan kam ban iya musa masa ba, don na ga ciwon.

Rumasa'u ta shiga tsaka mai wuya. Abu biyu aka aza mata: ta zauna a Makka ba ta shiga Harami, ko ta fita Makka don ta samu shiga. Sai ta ce, "Yini ɗaya?"

"Yini ɗaya, Yaya. La'asar a can, isha'i a nan."

Ta sa shi ya juya ya fuskanci Ka'aba ya rantse zai dawo da ita ko a wane hali. Ya rantse har da dukan ƙirji.

Muka tashi bayan sallar asuba, mu uku a bayan lori, Hashimu a gaba. Guzurin ruwanmu salka ɗaya da gwangwani ɗaya. Na ce a ƙara, Tsoho ya ce shekarar nan ruwa ya ja baya a gari, in ya koma layin bazan sai rana ta fito mota ta tafi ta bar mu, kuma ma wa ke kai ruwa gidan ruwa? Da muka zo duwatsun iyaka Rumasa'u ta runtse ido ta damƙe mini wuyan hannu har sai da na ce wash. Ba ta sake ni ba sai da muka yi nisa.

Motar nan tsohuwa ce, tun ta sojoji. Hantsi bai gama ɗagawa ba lagireto ya fara tafasa. Hashimu ya juye nasa ruwan, muka ɗan taɓa, ya sake tafasa. Ya zagayo baya yana share gumi, yana roƙon Tsoho ruwanmu da karyayyar Hausarsa rabi Larabci.

"Ya ammi, moya. In babu moya, mota khalas."

Na haye kan gwangwanin na zauna. Na ce ba mai taɓa shi sai dai a ɗaga ni da shi. Nan fa Tsoho ya gyara tsayuwa ya fara karatu. Wai ni 'yar birni ce, ban san komai ba. Wai a garinsu in rani ya yi gulbi ya ƙafe, ba mai kwana da ƙishi, sai ka durƙusa a yashi ka tona kamu ɗaya, ka jira kaɗan, ruwa ya tsattsafo garau mai sanyi. Yashi yana tace komai, in ji shi. Gishirin bahar a cikin bahar yake, in ka ja baya kaɗan ka tona, abin da zai fito ruwan daɗi ne. Na ce ya taɓa gwadawa? Ya ce ranar da suka ƙetaro a guje aka sauke su aka kora su tudu, bai samu zama ba, amma yashi ai yashi ne ko'ina.

Na dubi Hashimu. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai sani ba, shi direba ne, ammi Tsoho ne ya san ruwa. Rumasa'u ta ce, "Tashi, Sa'adatu. In motar ta mutu a nan, da me zan koma?" Na tashi. Ina kallo lagireto ya shanye gwangwanin nan tas.

Rumasa'u ta ce ba za ta buɗe ƙafa a gaban maza ba, don haka Hashimu ya kauce wa gari ya bi wata hanyar yashi kudu da Jidda, ya sauke mu inda babu kowa. Babu kowa, babu kuma komai: ba itace, ba dutse, ba inuwar da ko akuya za ta raɓa. Ya ce zai yi lodi ya dawo da la'asar. Tsoho ya kafa sandar ga-ruwansa da wani guntun katako da ruwa ya turo, muka ɗaura zane, muka ce mun yi rumfa.

Zan faɗi gaskiya, farkon abin ya yi daɗi. Na riƙe ta muka shiga har gwiwa. Gishiri ya ciji ciwon ta yi ƙara ta zage ni ta zagi Tsoho, sannan ta fashe da dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ƙananan kifaye suka zo suna sunsunar yatsunta tana korarsu da faɗa. Ta tsaya ta dubi yamma ta ce, "Can ne fa, Tsoho." Ya ce, "Can ne, Yaya." Hayin da ta baro mijinta da 'ya'yanta suke nufi.

Amma zafin bakin ruwa ba irin na Makka ba ne. Namu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sami sauƙi. Wancan jiƙaƙƙe ne, iska ta tsaya cik, numfashi ma sai ka yi da ƙarfi, gumi yana zuba ba ya bushewa. Ga gishiri ya bi leɓe yana ƙara ƙishi. Kafin rana ta take tsaka salkar ta kusa lafewa. Na ce, "To malamin ruwa, bisimilla."

Ya ɗauki kwanon sha ya ja baya daga bakin ruwa, ya durƙusa ya tona. Ruwa kuwa ya tsattsafo, garau, yadda ya faɗa. Ya waiwayo yana mini murmushi. Ya kamfata ya kai baki, sai na ga fuskarsa ta sake. Ya tofar. Ya ce ya yi kusa da yawa. Ya ƙara gaba ya tona, ya tofar. Ya ƙara gaba. Can ya yar da kwanon ya koma tono da hannu, har ramin ya shanye shi zuwa ƙugu, farcensa na jini. Wanda ya fito daga nan ma ya fi na bahar ɗaci. Na so in zage shi, na tara zagin a baki, amma da na ga dattijo da furfura yana lasar yashi yana kuka sai na haɗiye.

Ragowar salkar duk ita muka ba, kurɓi kurɓi. Na yi ta jiƙa mayafi a bahar ina shimfiɗa mata. Bayan azahar na taɓa goshinta na ji ya bushe ƙamas, gumin ya ɗauke, jikin kamar an sauke tukunya. Ta fara kiran sunayen 'ya'yanta tana ce musu su yi sauri kada ayari ya bar su. La'asar ta yi, muka zuba wa hanya ido. Inuwar sandar ta yi tsawo. Ba mota, ba ƙurar mota.

Sai hankalinta ya dawo, tangaran. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi ruwan, ta gane inda take. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar ɗan Adam ba.

"Tsoho," ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Ka rantse."

"Motar tana zuwa, Yaya."

"Ba sai Ma'ala ba. Ka tsallake da ni duwatsun kawai. Ko taki ɗaya."

Ya ce in ba shi zanena. Na ce ya yi hankali, tafiyar da mota ta yi tun asuba ce zai yi da ƙafa? Bai ko dube ni ba. Ya durƙusa, na ɗora masa ita, ya goya ta ya ɗaure a ƙirji, ya sa rana a bayansa ya miƙi gabas. Na bi su ina tuntuɓe ina kiran sunansa. Tafiya yake irin ta 'yan ga-ruwa, ɗan gudu-gudu, yana ce mata ga shi nan an kusa. Ina jin tana salati a kafaɗarsa, a hankali, a hankali. Ba mu yi nisan da bahar zai ɓace mana ba na ga hannunta ya saki wuyansa ya faɗo yana lilo.

"Tsoho, sauke ta."

"Barci take."

"Don girman Allah ka sauke ta."

Ya ci gaba da tafiya. Sai da na sha gabansa na riƙe zanen da hannu biyu, sannan ya durƙusa ya sauke ta. Rai ya riga ya yi halinsa.

Wasu masunta biyu, Larabawa, su suka hango mu daga kwalekwalensu suka biyo sawu. Suka ba mu ruwa daga tulunsu, suka ɗauke ta zuwa 'yar bukkarsu, a nan muka kwana. Da gari ya waye Tsoho ya fita ya tsaya a kan hanya. Ya ce motar za ta zo, a kai ta ko gawa ce, ai alkawarin bai ce da rai ba. Ni ma na sa rai, wallahi na sa. Amma rana ta ɗaga, zafin jiya ya dawo, kuma jikin mamaci ba ya jiran kowa a irin wannan wuri. Ni ke zaune kusa da ita, ni na fara sanin jikin ya soma sauyawa. Babban masuncin ya leƙo, ya fita ya sami Tsoho ya ce masa ya ji tsoron Allah, haƙƙinta ne a rufe ta tun tana da mutuncinta. Tsoho ya roƙe shi a ƙara jira zuwa azahar. Aka jira. Da azahar ta yi, ni da bakina na ce masa, "Matar nan ka san tsaftarta. Kada ka bari a gan ta haka."

Da ruwan bahar na yi mata wanka. Farin mayafina da wani yanki na tufar jirgin masuntan, su ne likkafaninta. Kabarin ma sai da aka sha wuya, duk inda aka tona ruwan gishiri ya biyo, sai da aka hau wani ɗan tudu. Maza uku suka yi mata salla, biyu ba su ko san sunanta ba. Ina daga baya ina kallo, na tuna yadda ake shigo da gawa Harami bayan kowace salla, sahu ya tashi har ba ka ganin ƙarshensa, sai na zauna a yashi na yi kukan da ban yi wa mijina ba.

Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba muka ji ƙugin mota. Hashimu ya diro da tulun ruwa a hannu yana ba da haƙuri, wai ƙarfen ƙafar motar ya karye a bakin tasha da lodi a kai, a ƙarƙashinta ya kwana. Ya ce ya gyara wa hajiya wuri a gaba kusa da shi, ina take? Sai ya hango sabon kabarin. Tsoho ya juya da gudu ya hau tudun ya fara yaye ƙasar da hannu. Sai da masuntan biyu da Hashimu suka taru suka danne shi, yana ihu yana cewa ya rantse, ya rantse.

Muka hau kan buhunan gari muka kamo hanya. Motar ko tari ba ta yi ba. Ana kiran magariba muna shiga unguwa.

Tun jiya mutane ke zullumi, don haka kafin mu tsaya an kewaye motar. Suka ga fuskokinmu, suka ga mu biyu ne, aka ɗauki salati. Ramlatu mai wankan gawa ta ce a ɗora ruwa a wuta maza, a aika a karɓo makara, in an yi sauri za a same ta a sallar isha'i a Harami. Samari biyu suka haye bayan motar don su sauko da ita. Suka ɗaga wannan buhu, suka leƙa bayan wancan, suka tsaya suna kallon Tsoho.

"Baba, tana ina?"

Tsoho ya dubi samarin.

"Mun baro ta can," ya ce.